Awa Shida a Kwance Gaban Surukina

Da sunan Allah mai ba da lafiya nake farawa. Ni tela ne a Kiru, ina kuma taɓa noman masara da albasa. Karatuna na boko bai wuce firamare ba, saboda haka duk inda na kawo maganar likita ba daidai ba, laifin kunnena ne, ba na likitan ba. Na rubuta wannan ne don wanda za a yi wa irin aikin da aka yi mini a zuciya, da kuma wanda zai raka shi. Batun rakiyar nan shi ne babba, don ta nan na yi kuskuren da ya kusa tafiya da raina.

Gara in faɗi halina tun da wuri. Ni mutum ne mai fargaba. Idan na auna mutum sai na sake aunawa kafin ya fita, wani lokaci ma in bi shi bakin titi da tef. Idan na kulle shago na yi nisa, nakan dawo in ja kwaɗon in tabbata. Uwar 'ya'yana, Hajara, ta daɗe da daina yi mini magana a kai.

Ciwon ya fara ne lokacin karyar masara. Na ɗauki rabin buhu daga gona zuwa inda amalanke yake, sai na ji kamar an ɗora mini dutsen niƙa a ƙirji. Nauyin ya gangara zuwa hannuna na hagu, ya hau har muƙamuƙi. Na zauna a kan kunya, ya lafa. Na tashi na ci gaba, ya dawo.

Makon farko na je kemis. Mai kemis ya ce olsa ce, ya ba ni farin magani na ruwa. Na shanye kwalba biyu, ba abin da ya sauya. Mako na biyu yayana Garba ya ce sanyi ne ya kwanta mini a ƙirji, ya kawo jiƙo a jarka. Goggonmu ta Yako ta aiko a ce in daina shan shayi da safe. Wani maƙwabcina ya ce hawan keken ɗinki ne. Duk abin da aka kawo na sha, duk abin da aka hana na bari, don ina tsoron in ƙi mutum ya ji haushi. A mako na uku, a hanyar masallacin Juma'a, sau uku ina tsayawa ina dafa katangar mutane, tafiyar da a da ko sani ba na yi na yi ta. Ƙanina Isyaku ya hango ni. Bai tambaye ni ba, ranar Litinin da asuba ya zo da babur.

A asibitin da ke kusa da mu, tun da hantsi muke layin kati, ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Aka manna mini wayoyi a ƙirji, wata doguwar takarda ta fito. Likitan ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce wannan ba olsa ba ce, kuma ba aikinsu ba ne. Ya ba ni ƙananan ƙwayoyin da ake sawa a ƙarƙashin harshe idan ciwon ya taso, ya rubuta mana takarda zuwa wani babban asibiti a Kano.

Sau uku muka je Kano ni da Isyaku. Zuwan farko layi ya ƙare kafin a zo kanmu. Zuwa na biyu aka ɗauki jini, aka shafa mini wani mai sanyi a ƙirji aka duba zuciyar a na'ura. Zuwa na uku ne muka zauna gaban likitan zuciya, wani mai furfura a gemu, mai magana a hankali. Ya tambayi sana'ata. Da na ambaci albasa, sai ya ce:

"To, ka san ban ruwa. Zuciya ma tana da hanyoyin da suke kai mata jini. Muna zaton ɗaya ta cushe. Za mu zura siririn bututu ta jijiyar hannunka, ya bi har zuciya, mu zuba wani ruwa mu ga inda ya tsaya. Idan mun ga wurin, sai mu sa ɗan zoben waya ya buɗe shi. Ba yanka, ba maganin barci."

Na ce, "Likita, idona biyu?"

Ya ce, "Idonka biyu. Har hira za mu yi."

Sunan aikin anjiyogaram. Na sa ya maimaita sau uku, na rubuta a bayan katina. Ya kuma ce idan hannu ya ƙi, sukan bi ta cinya. Na ji wannan maganar, kada in ce ban ji ba. Amma hankalina yana kan bututun da zai shiga zuciyata ina kallo, sai maganar ta wuce ni.

Aka ba mu rana, mako uku a gaba. Kuɗin ya yi mana nauyi. Na sayar da san noma ɗaya, 'yan'uwa da mutanen masallacinmu suka cika. Allah ya saka musu. Amma waɗannan makonni uku sun fi ciwon kansa wahalar da ni. Ɗinkina ya riƙa karkacewa, abin da ban saba ba. Na kammala kayan kowa na mayar, wanda ban yanka ba na mayar masa da yadinsa. Na zaga unguwa ina neman gafara, har da wani mutum da na taɓa yi wa wando ya ɗan ɗage shekara goma da suka wuce. Ya ce shi bai ma tuna ba. Hajara ta ce, "Malam, ka bar zagayen nan. Mata sun fara shigowa suna kallona da tausayi."

Saura kwana bakwai a yi aikin sai matar Isyaku ta haihu, suna ya faɗo ranar aikin daidai. 'Ya'yana maza ƙanana ne. Garba ba ya iya doguwar tsayuwa. Hajara kuwa an gaya mana ba a barin mace ta kwana a ɗakin maza. Muna cikin wannan shawara sai Garba ya ce, "Ga Habibu nan. Ya san Kano, yana jin Turanci, ga ƙarfi."

Habibu mijin 'yata ta fari ne. Ɗan Bebeji ne, yana gyaran injin ban ruwa. Shekara bakwai da auren, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa ganina ba hula ba. Idan ya zo gaisuwa daga bakin zaure yake tsugunawa, kansa a ƙasa, mu yi ina gajiya, yaya mutanen gida, ya tashi. Ba don wani saɓani ba, yaron kirki ne. Haka muka taso muka ga ana yi.

Na ce wa Garba ina jin nauyinsa. Garba ya ce, "Aikin hannu ne fa. Mene ne a hannu?" Na yi tunani na ga haka ne. Na yarda.

A mota Habibu ya sama mini kujerar gaba, shi ya koma can baya. Har muka shiga Kano ba mu yi magana ba, sai ruwan leda da ya miƙo mini ta hannun mutane. Aka ba ni gado ranar, aka ce daga tsakar dare kada in ci komai.

Da safe wani ma'aikaci ya zo da reza. Ya aske mini bayan hannu, sannan ya ce in kwance tazuge. Na ce ai ta hannu aka ce. Ya ce duka biyun ake shiryawa. Kafin in waiga Habibu ya riga ya fice, ba wanda ya ce masa ya fita. Aka ba ni rigar asibiti. A matsayina na tela ban ga dalilin wannan ɗinki ba, riga a buɗe ta baya, igiya biyu kawai, ɗaya ma ta tsinke. Na yafa zanen gado a kai.

Ma'aikata suka tura ni a keken marasa lafiya zuwa ƙofar ɗakin aikin, suka ce mu jira, akwai mutum a ciki. A nan jikina ya fara rawa. Ba ƙaramar rawa ba, haƙorana suna haɗuwa, keken ma yana motsi. Ina so in yi salati, harshena ya ƙi. Habibu yana tsaye ɗan nesa da ni. Sai na ga ya matso ya tsuguna a gefen keken, idonsa a kan takalmansa.

"Baba, akwai abin da na daɗe ina so in tambaye ka."

Na zaci maganar 'yata ce.

"Albasar da na ajiye bara rabinta ruɓewa ta yi. Ban san inda nake kuskure ba."

Na ce, "Ka bar ta ta sha iska a gona bayan cira?"

"Kwana ɗaya."

"Kwana ɗaya! To ai kai ka ruɓar da ita."

Na shiga yi masa bayani. Yadda ake janye ruwa kafin cira, yadda ake barin ganyen ya bushe da kansa, yadda ake ɗaga rumfar daga ƙasa, yadda ake tsince mai rauni kada ta shafi sauran. Duk inda na tsaya sai ya sake jefo wata tambayar. Ban san mun yi fiye da rabin awa ba sai da aka buɗe ƙofa aka kira sunana. Rawar jikin ta ragu sosai. Daga baya na tuna mahaifin Habibu ya fi ni noman albasa nesa ba kusa ba. Wannan dabarar ina so duk mai rakiya ya riƙe ta. Kada ka ce wa mai tsoro ya daina tsoro, ba zai iya ba. Tambaye shi abin da ya iya.

Ɗakin aikin sanyi ne da shi kamar cikin firji. Gadon siriri ne, a sama akwai wata babbar na'ura da take juyawa, gefe kuma ga allunan talabijin. Wata nas mai tabarau ta tsaya wajen kaina ta ce in ja numfashi ta hanci, in ƙirga huɗu, in sake shi a hankali. Na mayar da ƙirgar tasbihi, ina yi da yatsun hannun hagu. Allurar kashe zafi a wuyan hannu ta yi kamar harbin rina, sannan wurin ya mutu. Suka yi ta ƙoƙari. Ina jin ana turawa, hannuna yana ƙullewa har kafaɗa. Can likitan ya ce:

"Malam, jijiyarka ta ƙanƙame, ta ƙi ba mu hanya. Tsoro yakan sa haka. Ba komai, za mu bi ta cinya."

Ta cinyar dama suka bi, can sama wajen matsematsi. Bututun kansa ban ji tafiyarsa ba, wannan gaskiya ne, duk tsoron da na yi mako uku ina yi a kansa a banza ne. Nas ɗin ta ce, "Yanzu za ka ji ɗumi ya bi jikinka kamar ka saki fitsari. Ba ka yi ba, ruwan ne." Haka kuwa aka yi. Likitan ya ce in kalli allo. Na ga wasu abubuwa baƙaƙe kamar saiwar bishiya suna motsi, ɗaya ta tsuke a tsakiya kamar zare. Ya ce ga ta nan. Lokacin da suke buɗe ta ciwon ƙirjin ya taso na ɗan lokaci, na faɗa, suka ce sun sani, zai wuce. Ya wuce. Ya sake nuna mini, zaren ya koma kamar igiya. Na ce alhamdu lillahi, hawaye suka gangaro mini cikin kunne.

Wani ya daɗe yana danne mini cinyar, sannan suka ɗaure wurin da bandeji mai kauri suka mayar da ni ɗaki wajen ƙarfe sha biyu. Nas mai tabarau ta biyo mu, ta kira Habibu, ta yi mana magana tare.

"Baba tela, awa shida za ka yi a kwance rigingine. Kada ka lanƙwasa ƙafar nan, kada ka ɗaga kai. Babbar jijiya muka huda, kuma mun ba ka maganin tsinka jini. Ka sha ruwa da yawa ya wanke wanda muka zuba. Idan fitsari ya zo, ga kwalba a ƙarƙashin gado, a kwance za ka yi, shi zai riƙe maka."

Ta juya ga Habibu. "Kai kuma ka riƙa ɗaga zanen kana duba wurin. Idan ka ga jini ko kumburi, ka dunƙule hannu ka danne nan da ƙarfinka duka, ka ƙwala mana kira." Ta nuna masa wurin a cinyarsa. "Ɗansa ne kai?"

Habibu ya sunkuyar da kai. Ni kuma na kau da fuska. Ba ta jira amsa ba, ana kiranta a wani gadon.

Da ta tafi na ce, ina kallon silin, "Ba sai ka duba ba. Idan na ji wani abu zan faɗa."

Ya ce, "To, Baba."

Azahar ta yi. Ya kawo mini ɗan dutse na yi taimama, na yi salla a kwance da ishara. Raina bai kwanta da ita ba, amma ya ce tun a gida ya tambayi limaminsu, an ce ya halatta. Ya riƙa ba ni ruwa da ƙaramin kofi, yana tallafe mini kofin yana kallon gefe. Na sha, na sha, don an ce in sha, kuma ni idan aka ba ni umarni nakan wuce yadda aka ce.

Wajen ƙarfe biyu fitsari ya fara matsa mini. Na daure. Na riƙa kallon agogon bango ina lissafi, saura awa huɗu, saura uku da rabi. Marata ta cika ta yi tauri. Na yi tunanin kiran ma'aikacin nan mai reza, ban gan shi ba, kuma ina jin kunyar in aiki Habibu kiransa, don zai gane dalili. Yanzu da nake rubutawa na ga wautar abin. A lokacin kuwa gani nake gara mutuwa da mijin 'yata ya riƙe mini kwalba.

Ana gab da la'asar na ce, "Habibu, je ka bakin ƙofar asibiti ka sayo mini lemo. Bakina ba daɗi."

"Baba, an ce kada in bar ka."

"Ni ne na aike ka."

Ya ɗan tsaya. Sannan ya tashi ya fita da sauri.

Yana fita na dogara da gwiwar hannu na ɗago. Kwalbar ta yi nisa. Na lanƙwasa ƙafar na tokare gado, na miƙa hannu na jawo ta. Na samu na yi kamar rabi. Ina cikin yi sai na ji wani abu a cinyar, ba zafi ba, kamar dai yadda ɗinki yake ɓallewa a hammatar riga. Na mayar da kwalbar na kwanta da sauri. Sai ɗumi ya fara bin cinyata yana gangarawa ƙarƙashina.

Na ce wa kaina fitsarin ne ya zube. Na ce wa kaina ruwan likita ne, ai an ce yana sa ɗumi. Na ja bargo har ƙirji. Amma kada in yi ƙarya a rubuce, na san ko mene ne. Shawarar da na yanke ita ce in jira nas ta gifta in yafito ta da hannu, ta sa Habibu ya fita, a gyara ni a rufe. Nas kuwa tana can ƙarshen ɗaki, ta juya baya.

Habibu ya dawo yana haki, da alama gudu ya yi. Ya ce, "Lafiya, Baba?" Na ce lafiya lau. Ya zauna ya fara ɓare lemo. Gumi ya keto mini mai sanyi. Kunnuwana suka fara ƙara, fankar sama ta riƙa yin nisa. Na ga ya daina ɓarewa, yana kallon ƙarƙashin gado.

"Baba, ka tashi ne?"

Na ce, "A'a."

Ƙarya na yi masa. Kwalbar ba ta inda ya bar ta, kuma ba fanko ba ce.

Ya ɗago ya kalli fuskata. A shekara bakwai wannan ne karon farko da muka haɗa ido.

"Baba, leɓenka ya yi fari. Bari in duba."

"Kada ka taɓa bargon nan."

Na riƙe bakin bargon da hannu biyu. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri." Ya fizge shi gaba ɗaya.

Ban ga abin da ya gani ba, don a kwance nake. Na dai ji ya ce innalillahi. Daga baya aka gaya mini bandejin ya jiƙe, zanen ya jiƙe har katifa, wurin ya kumbura ya kai girman lemon da ke hannunsa. Ya dunƙule hannu ya danne ni da ƙarfin da yake ɗaga inji, har na yi ƙara. Ni kuwa, ku ji hankali, ina ture hannunsa, ina laluben rigar asibitin in rufe jikina.

Na ce, "Habibu, ka ji tsoron Allah, rufe ni."

Sai ya daka mini tsawa. "Baba, ka yi mini shiru! Sauke hannunka! Kwanta na ce!"

Na sauke. Ko mahaifina bai taɓa yi mini irin wannan tsawar ba. Ya juya ya ƙwala, "Sista! Jini! Jini a nan!"

Suka zo a guje, aka ja labule. Nas mai tabarau ta ce masa kada ya saki sai ta sa nata hannun. Suka karɓe shi, suka yi ta dannewa suna canjin hannu, aka ɗaura mini ruwa, likita ya zo ya duba. Ya ce an tare shi da wuri, da an ƙara minti kaɗan da sai an nemo jini, wataƙila ma a koma ɗakin aiki. Da hankalina ya dawo nas ɗin ta tsaya a kaina, hannunta a ƙugu.

"Baba tela, kai fa ɗinki ne sana'arka. Idan ka yi ɗinki ba ka ƙulle zare ba, wani ya zo ya ja, me zai faru?"

Na ce, "Zai warware."

"To me ya kai ka?"

Habibu ne ya ce a hankali, "Surukina ne."

Ta kalle ni, ta kalle shi, ta cire tabaran ta goge. Ta ce, "To me ya hana ku faɗa tun farko? Da na turo muku ma'aikaci namiji." Sannan ta ce awa shidan ta koma sabuwa, daga yanzu za a fara ƙirga.

A wannan awa shidan ta biyu, sau uku Habibu yana riƙe mini kwalba. Yakan juya fuskarsa bango, ni kuma in rufe ido. Sama ba ta faɗo ba. Duk bayan ɗan lokaci ya ɗaga bargon ya duba ya mayar, ba ya cewa komai. Hannun rigarsa duk jini, bai samu ya canza ba sai washegari. Da zai ba ni ruwa na ƙarshe ya ce, "Baba, ka yafe mini abin da na yi ɗazu." Sai da safe na iya ce masa Allah ya yi maka albarka.

Kwana ɗaya aka ce za mu yi, muka yi uku, da ƙarin kuɗin gado da na magani, duk saboda ni. Cinyata ta yi baƙi har gwiwa, ta yi wajen wata guda kafin ta washe. Aka hana ni ɗaukar kaya mai nauyi da taka keken ɗinki na ɗan lokaci, aka ba ni ƙwayoyin da likita ya ce kada in tsallake ko kwana ɗaya, don zoben nan kada ya toshe. Wannan kam ba sai an tuna mini ba. Yanzu ina zuwa masallacin Juma'a ba na dafa katangar kowa.

Ina godiya ga likitan nan da nas mai tabarau, ban san sunanta ba har yau. Amma ina da ƙorafi. Layin asibiti yana iya ƙarasa mai ciwon zuciya kafin ya ga likita. Sannan da tun ranar da aka ba mu rana wani ya zaunar da mu ya ce ga abin da mai jinya zai yi da hannunsa idan aka bi ta cinya, da na jira Isyaku, ko na roƙi a ɗaga ranar. Su a wurinsu namiji namiji ne. Ba su tambaya waye wannan a wurinka.

Saboda haka ga abin da zan ce wa wanda za a yi wa wannan aikin. Ciwon ƙirji mai zuwa idan ka motsa ya tafi idan ka zauna, kada ka tsaya a kemis. Aikin kansa bai kai tsoronsa ba. Ka tafi da wanda za ka iya tuɓewa a gabansa. Idan babu sai wanda kake jin nauyi, to ka faɗa wa nas tun a bakin ƙofa, ba abin kunya ba ne a wurinsu. Idan ka ji ɗumi a wurin, ka yi magana ko wa ke zaune.

Bayan mun dawo da mako biyu 'yata ta zo duba ni. Ina jinta a tsakar gida tana gaya wa uwarta wai Habibu ya ce aiki ya yi kyau, an ƙara musu kwana biyu ne kawai don likitoci su tabbata. Ashe ko ita bai gaya wa ba. Garba kuma yana ta yawo yana cewa ƙaninsa mai tsoro ya ba da mamaki, an shiga zuciyarsa idonsa biyu ko gezau. Mutane suna zuwa suna yaba mini. Abin ya tsaya mini a rai. Yabon na wani ne nake karɓa, kuma akwai ƙaryar da na yi ban warware ba.

Da na gama rubutun nan na aika aka kira Habibu, don ban ga ya dace in fitar da shi bai gani ba. Ya zo, muka gaisa, na miƙa masa takardun. Ya karanta a hankali har ƙarshe, ya jera su daidai, ya ajiye a gabana.

"Baba, duk haka aka yi. Sai dai ina roƙon a cire wurin tsawar nan. Idan Innata ta ji na ɗaga maka murya, ba za ta saurari dalili ba."

Na ce zan yi tunani. Kwana uku ina tunani, na ɗauki biro na ajiye ya fi sau goma. Bai taɓa roƙona komai ba sai wannan. Amma idan na cire, wani mai rakiyar zai tsaya yana neman izini a bakin gado har jini ya ƙare. Ban cire ba. Habibu, ka yi haƙuri.

Idan labarin ya kai kunnen mahaifiyarsa a Bebeji, ina roƙonta don Allah kada ta yi masa faɗa. Ta zo Kiru ta yi mini. Ni ne na aike shi sayen lemo.